Firijin da Ake Hura wa Wuta

A shekarar 2015, sa'ad da masifar ɗauke wutar lantarki wadda mutanen Gana suke kira dumsor ta kai intaha, har ya zamana ana ba unguwa wuta sa'a 12 a hana ta sa'a 24, domin ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, iskar gas da ake turowa daga Nijeriya ta bututu kuma ba ta isa, babu wani gida a unguwanninmu na Kawukudi ko Nima ko Maamobi da bai sami rabonsa na wannan jarrabawa ba; amma gidajen da abincinsu ya rataya a kan ƙanƙara su suka fi jin jiki, gidana kuwa yana cikinsu. Ni malamin allo ne, kuɗin Laraba kuwa kowa ya san iyakar tafiyarsa, saboda haka rufin asirinmu, bayan ikon Allah, yana cikin sobolo da lamurji da burkina da matata Hajiya take ƙullawa tana sanyayawa, yara suna fita da su bakin titi. Da wuta ta zama baƙuwa, sai burkina ta riƙa tsami tun kafin azahar, Hajiya kuma ta riƙa dubana da wani irin kallo, wanda ma'anarsa ita ce karatun da ba ya kawo sanyi a sake masa bita.

Ana cikin haka ɗan 'yar'uwata da yake zaune a Hambog ta ƙasar Jamus, irin waɗanda ake kira boga, ya aiko wa ƙanensa wata mota ta tashar jiragen ruwa ta Tema, don a mai da ita trotro, wato motar haya. Motar kuwa irin wadda Turawa suke yawon hutu da ita ce, gida ne sukutum a kan taya huɗu, da gado, da murhu, da teburin cin abinci, da ma'ajiyar tufafi. Masu walda suka dira mata, suka fitar da kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya don a sami wurin kujeru, har suka zo kan wani ɗan firiji wanda tsawonsa bai wuce ƙuguna ba. Ƙanen ya ce mini, "Kawu, wannan fa ba ruwansa da kamfanin wuta na ECG. Da batir yana yi, da lantarki yana yi, in duka babu a kunna masa gas." Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Nan take na ga Allah ya kawo wa gidana faraji, na biya abin da ya nema ba tare da na taya ba, abin da ban taɓa yi ba ko a cinikin goro.

Wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin kwastan, ya so ya ɓata mini rai da cewa gwamnati ta hana shigo da tsofaffin firiji, dokar an yi ta tun 2008, an fara zartar da ita a 2013. Na amsa masa da ƙiyasi, na ce abin da ya shigo a cikin mota hukuncinsa hukuncin mota ne, kamar yadda ɗan tayi yake bin uwarsa idan an sayar da saniya. Bai sami abin cewa ba, ko da yake ban ga alamar ya gamsu ba.

Aka aza shi a barandar gidana, aka haɗa shi da tukunyar gas, aka kunna wata 'yar wuta shuɗiya a ƙasan bayansa, wadda ba ta kai harshen aci-balbal ba. Jama'a suka taru, domin labari ya riga ya zagaya cewa Malam ya sayi firijin da ake hura wa wuta. Aka yi tsit ana jiran a ji gurnanin da kowane firiji yake yi, shi kuwa ko tari bai yi ba. Wani ya sa kunne, wani ya taɓa bayansa ya janye hannu da sauri ya ce ai wannan tanda ce. Har aka kira magariba cikinsa yana nan da ɗumi, mutane suka watse suna yi mini irin sallamar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Amma da asuba, da na buɗe, sai ga ƙanƙara ta kama a ɗan farantinsa. Na ɗauka na nufi masallaci da ita, ta narke a hannuna kafin a yi sallama, amma adalai biyu sun gani.

Ya kamata in bayyana hikimar da ke cikin wannan na'ura, domin na bincika ta daga baya, a lokacin da binciken ba zai ƙara amfanina da kome ba. Waɗansu ɗalibai biyu na birnin Istokholm a ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙago ta a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da ita a 1925. Babu inji a cikinta, babu abin da yake juyawa. Bututu ne rufaffu, a cikinsu akwai ruwa da amoniya da iskar haidirojin. Wutar nan tana tafasa gaurayen, amoniya ta tashi tururi ta hau sama, ta huce ta koma ruwa, ta gangaro cikin akwatin, ta haɗu da haidirojin ta sake zama tururi, kuma a wannan sakewar ne take zuƙe zafin abin da aka ajiye; sa'an nan ruwa ya shanye ta ya mai da ita wurin wuta, a sake sabon zagaye. To, tun da gangarowar nan da nauyin ruwan kaɗai take faruwa, sharaɗin ingancin aikin shi ne firijin ya tsaya daidai, ba karkata ko kaɗan, iska kuma ta riƙa ratsa bayansa. Wanda ya san unguwanninmu ya san cewa ƙasar duka gangare ce zuwa babban magudanar ruwan nan da ke tsakanin Nima da Maamobi, barandata kuwa magini ya ƙara mata nata gangaren da gangan saboda ruwan wanki. Ni kuma, don gudun kada awaki su ture wutar, na manna shi da bango na kewaye shi da buhuna. Laifin magini a nan a fili yake.

Ya yi mana aiki ɗan lokaci, gwargwadon abin da cikinsa yake iya ɗauka, wanda Hajiya ta ce bai kai abin da ɗan tallanta ɗaya yake sayarwa kafin hantsi ba. Daga nan sanyin ya fara ja da baya, alhali wuta tana ci, gas yana ƙarewa, bayansa yana ƙara zafi, har ranar da na sa ruwan sanyi na fitar da ruwan alwalar hunturu.

Na kira wani mai gyaran firiji daga Maamobi, saurayi mai ladabi, ya zo da tukunyar gas ɗinsa da ma'auninsa. Ya durƙusa, ya leƙa baya, ya daɗe, sa'an nan ya ɗago a hankali ya ce, "Baba Malam, sai haƙuri. An sace kwamfuresa." Na ce ba shi da kwamfuresa tun asali. Ya dube ni da tausayi, ya ce haka duk waɗanda aka cuta suke cewa. Ya nemi bakin da zai ɗura masa gas bai samu ba, ya karɓi kuɗin ƙafarsa, ya tafi yana yi mini addu'ar Allah ya tona asirin ɓarawo. Na shiga trotro zuwa Abossey Okai, inda ake cewa babu ƙarfen motar da ba a samu, na yini ina siffanta abin da nake nema da Hausa da Turanci da ɗan abin da na iya na Twi. Aka nuna mini firijin motar kifi, aka nuna mini na'urar sanyaya mota, wani ma ya so ya sayar mini da murhu.

Wanda ya gane ciwon wani dattijo ne a sahunmu na masallaci, wanda ya yi aiki a ɗakin shan magani a arewacin ƙasar zamanin da ake ajiye allurar rigakafi a firijin kananzir. Ya ce jinsinsu ɗaya, kuma maganinsa sananne ne: a kife shi, ƙafa a sama kai a ƙasa, ya kwana, a mirgina shi ta kowane gefe, in ya ƙi a ɗora shi a mota a bi hanya mai gargada don abin da ya toshe ya sauka. Almajiraina suka kife shi a tsakar gida, mata suna leƙowa ta katanga. Da bai ji wannan ba, na yi hayar aboboya, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, na zauna a baya na rungume shi, na umarci direba da ya bar kwalta ya bi lunguna, duk ramin da ya gani ya faɗa. Yaron bai taɓa samun fasinja mai irin wannan buƙata ba, ya kuwa cika ta da ikhlasi. Muka ratsa Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, rawanina ya kwance, iyayen yaran da nake karantarwa suna gaishe ni ina amsawa da haƙora suna karo.

Da muka dawo aka kunna, sai wani wari mai hawa ka ya cika gidan, idanu suka kama hawaye. Hajiya ta fara tuhumar ragon maƙwabci, sa'an nan jikokinmu, aka yi wa ƙaramin cikinsu wanka ba da haƙƙinsa ba. Dattijon nan ya zo, ya ga wani gari rawaya ya zubo a gindin bututun, ya ce a kashe wuta maza a fita waje, amoniya ce ta tsere, garin kuma maganin tsatsa ne da ake zubawa a ciki. Ya ɗaga hannu ya ce wannan kam sai dai a yi masa salla.

Saura sayarwa. Wani dillali ya ce in bar masa, zai wanke shi ya kai wa wani mai shago a Kotobabi, kada dai in ce uffan. Amma wanda ya shekara yana karantar da babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibi haramun ne, mai saye kuma yana da zaɓin mayar da kaya. Saboda haka duk wanda ya zo sai in zaunar da shi in lissafa masa aibobin, tun daga gangaren baranda har zuwa garin rawaya, in kawo masa tarihin ɗaliban Suwidin don cikar amana. Babu wanda ya zauna har ƙarshe. Dillalin ya ce a shekarunsa na sana'a bai taɓa ganin mai kaya yana korar kasuwa da hujjoji ba. Na tuna da shirin da Hukumar Makamashi ta fara a 2012, na karɓar tsohon firiji a rage wa mutum kuɗin sabo, sai aka ce mini sharaɗinsa tsohon ya kasance yana aiki.

A ƙarshe na tsayar da ɗaya daga cikin samarin nan masu tura baro suna kiran kondem, waɗanda a lokacin suke kai kaya kasuwar tarkace ta Agbogbloshie. Ya fito da maganaɗisu ya bi bututun da shi, ko'ina yana kamawa. Ya ce, "Alhaji, babu jan ƙarfe ko ƙwaya." Gaskiyarsa kuwa, domin amoniya tana cin jan ƙarfe, shi ya sa aka yi bututun duka da baƙin ƙarfe, riba kuwa a sana'arsu tana cikin jan ƙarfen kwamfuresar da wancan saurayi ya ce an sace. Ya yi tayin da bai kai kuɗin aboboya ba, ya ƙara da cewa saboda girman gemuna ne. Na sallama.

Hajiya ta kwashi adashinta ta sayi sabon firiza mai taurari a goshi, ta ce ko wuta ta tafi yana riƙe ƙanƙara har ta dawo, kuma ta gindaya sharaɗin kada in taɓa shi ko da da niyyar alheri. Bayan Babbar Salla sai ga wayar boga daga Hambog, ya ce, "Kawu, na sake samun irin motar nan, tana kan ruwa. Wannan har da ban-ɗaki a ciki, wanda ba ya buƙatar rami." Ban kai ga tambayarsa yadda yake aiki ba Hajiya ta karɓe wayar.