Zuwa ga Guntun Zazzau, mai kuka a gaban katun

Guntu, ya idon? An ce har yanzu kumburin bai sauka ba. Allah ya sawwaƙe.

Kai ne fa ka shekara da shekaru kana yi mini gori, wai ƙato da gemu ya zauna yana kallon katun kamar ɗan firamare. Sai ga ka ran Asabar ka faɗo gidana, ba don zumunci ba, don tuwon uwargida, ka tarar na kunna The First Slam Dunk. Ka ɗosana a hannun kujera kana taɓe baki. Kafin a kai rabi ka zamo ƙasa ka tanƙwashe ƙafa, loma ta sandare a hannunka. Da aka zo inda Ryota Miyagi ya koma garinsu a Okinawa, ya shiga kogon da yayansa Sota yake ɓuya kafin ya tafi kamun kifi teku ta cinye shi, sai na ji ana jan majina a bayana. Na waiga, ka ce wai yajin miya ne. Miyar kuka ce kam, ban musa ba, amma kukan kai ka zo da abinka.

Ni na san inda ke maka ƙaiƙayi. Takehiko Inoue ya zana labarin nan a mujallar Shonen Jump daga 1990 zuwa 1996, littafi 31 cur, kuma jarumin ciki Hanamichi Sakuragi ne, zankaɗeɗen nan mai jan gashi. Bayan shekara 26, a Disambar 2022, mutumin ya dawo ya rubuta fim ɗin ya ba da umarni da kansa, sai ya ɗauke jarumtar ya ɗora wa Miyagi, mai lamba 7, wanda ya fi kowa gajarta cikin biyar ɗin farko na ƙungiyar ƙwallon kwandon makarantar Shohoku. Shi ke nan, an taɓo dangi! Tun ranar kake yawo a majalisa kana cewa "fim ɗinmu". Naku kai da wa? Miyagi santimita 168 ne, Guntu. Kai in ka tsaya kusa da shi sai hularka ta faɗo wajen gaishe shi.

Amma tsakani da Allah ban ga laifinka sosai ba. Wasa ɗaya tak aka gina fim ɗin a kai, Shohoku da Sannoh, zakarun ƙasa da kowa ke shakka, ana yi ana komawa baya a nuna abin da kowane yaro ya ɗauko a zuciya. Kana jin ƙarar takalmi a kan katako da hakin 'yan wasa kamar a kunnenka suke numfashi. A daƙiƙun ƙarshe kuwa sai aka ɗauke sauti gaba ɗaya, ba kiɗa, ba ihu, ƙwallo na sama. Mutanen Japan sun yi tsit a silima. Bazazzage fa? Ka miƙe ka kurma "Jefa mana, ɗan banza!" har ka tada mana jaririya. Aka tashi 79 da 78, ka rungume ni da hannun miya, rigar tana nan ban wanke ba, shaida ce.

To bari in gyara maka lissafi. In za a nemo ka a cikin fim ɗin nan, Sakuragi ne kai, tsayin kawai aka hana ka. Yana kiran kansa gwanin gwanaye alhali watanni kaɗan ke nan da ya fara taɓa ƙwallon kwando, kuma don wata yarinya, Haruko, ya shiga ƙungiyar. Kafin ita 'yan mata 50 ne suka ce ba sa yi da shi. Naka na daina ƙirgawa a goma sha ɗaya, saboda kunyar iyayenmu.

Kuma don Allah ka hutar da mu da zancen Masai Ujiri. Mun ji, a Zariya ya tashi, ya jagoranci Toronto Raptors suka ɗauki kofin NBA a 2019. Shi a cikin fili ya yi gumi. Kai kuwa abin da na sani, kai ke gadin takalman 'yan wasa a gindin bishiya kana shan rake.

Wuri ɗaya ne na gan mu tare. Sakuragi da abokin wasansa Rukawa ba sa ga maciji, amma da ƙwallon ƙarshe ta shiga suka tafa da ƙarfi, nan take kowa ya tuna ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Ka gyaɗa kai a wurin, na gan ka, kada ka musa.

Asabar mai zuwa zan sake kunnawa. Ka taho da hankicinka, labulen falona ba na share hawaye ba ne. Ka kuma dawo da kwanon da ka tafi da shi, uwargida tana cigiya.