Lebura da Tsuntsun Fabrairu

Daren Talatar nan, ƙarfe biyu saura, wayar mai wannan shafi ta yi ƙara. Ɗan ƙaninsa ne da aka tura karatu Ingila. Saƙon tsakar dare daga ƙasar waje ba ya wuce rasuwa ko kuɗin haya, don haka gabansa na faɗuwa ya buɗe. Sai ga hoton sararin sama fari fat, da wani baƙin ɗigo a gefe kamar kashin ƙuda a jikin gilashi. A ƙasa an rubuta: "Baffa, albishirinka! Tsattsewar farko ta bana, ƙarfe 7:42 na safe, tafkin bayan makaranta." Ba sallama, ba ya jikin Hajiya.

Yaro dai ya kamu. Ciwon na kowace shekara ne, da zarar hunturu ya fara sakin Turawa a watan Maris sai su rataya tabarau mai hangen nesa, su ɗauki littafi da fensir, su je su tsaya cikin taɓo suna jiran tsuntsu. Ganinsa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an riga maƙwabci, an kuma shigar da sa'a da minti a manhajar eBird don kada wani ya yi musu.

Ciwon tsoho ne kuma ana gadonsa. Wani attajirin Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta alamomin shigowar bazara a 1736: ranar da itace ya yi toho, ranar da tsattsewa ta iso, har ranar da kwaɗi suka fara kuka. 'Ya'ya da jikoki suka ɗora har zuwa 1958. Shekara 222 gida guda yana kasa kunne ga kwaɗo.

Amma gwarzon wannan fage shi ne Richard Lydekker, masanin dabbobi, ɗan majalisar masana ta Royal Society, mutumin da zai ɗauki ƙashin dabbar da ta mutu tun kafin tarihi ya faɗi sunanta. A Fabrairun 1913 ya aika wa jaridar The Times wasiƙa cewa yana aiki a lambunsa ya ji kukan tsuntsun kuku, mai zuba ƙwai a sheƙar wasu. Tsuntsun nan sai Afrilu yake isa Ingila, ke nan malam ya riga kowa da wata biyu. Bayan 'yan kwanaki ya sake rubuto wata wasiƙar. Ashe leburan magini ne da ke aiki a wani gida kusa, yake kwaikwayon tsuntsun da bakinsa.

Abin daɗin ma, malam bai tsaya nan ba, sai da ya je ya yi wa leburan tambayoyi. A duba dai: babban masani da kwat da hula, tsaye gaban mai kwaɓa siminti, yana neman bayani. Shi kuwa lebura ko a jikinsa, har da bugun ƙirji cewa yana iya kirawo tsuntsayen daga nesa ba tare da wani abin busa ba. Wato har su kansu tsuntsayen yana yi musu, balle masani. Da a nan ne da tuni an yi masa rawani, ana gayyatarsa biki yana yi wa amare kukan kuku ana liƙa masa kuɗi. Wa ya san bazara nawa ya shigo da ita Ingila kafin lokacinta? Watakila akwai manomin da ya yi shuka da wuri saboda lebura ya ji daɗin shayin safe.

A Fabrairun da malam yake jin kukan, tsuntsun na can dazukan Kwango yana cin tsutsa. An tabbatar da haka tun da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ta fara maƙala musu na'urar bin sawu a 2011. Wasu tun watan Yuni suke barin Ingila, a hanyar komawa Ingila kuma sai sun yada zango a Afirka ta Yamma sun yi ƙiba kafin su tsallaka Sahara. Makonni kaɗan tsuntsun yake yi wa Turawan, amma "tsuntsunmu" suke ce masa. Ita ma tsattsewar yaron, irin mai haƙa rami a gaɓar kogi, a yankin Sahel take cin rani. Ba mamaki ta sha giftawa ta saman gidansu bai ɗaga kai ba, sai da aka biya masa kuɗin jirgi.

Sai dai dariyar ba ta yin nisa take maƙalewa. Shamuwa tana zuwa kowace shekara gabanin damina, ta yi sheƙa a kan itacen tsakar gari, kowa ya ce ruwa ya kusa, kuma da wuya ka sami gidan da aka taɓa rubuta ranar. Dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka har Yarima Philip ya zo kallonsu a Dagona a 1989, kacalla ta cinye wurare da dama bayan madatsun Tiga da Challawa sun canja tafiyar ruwa. Ka tambayi masunci yaushe agwagin suka ragu, zai ce an daɗe. Ta ina za a rubuta zuwan agwagwa a garin da, in ka duba katin shaida, sai ka rantse duk uwaye ranar 1 ga Janairu suke haihuwa?

Ko a majalisar unguwarsu mai shafin, wata biyu ke nan ana gardama kan wanda ya girmi wani tsakanin dattawa biyu. Ɗaya ya ce yana da wayo aka yi canjin hannu a 1972, ɗayan ya ce shi a lokacin har ya iya keke. An kira yayar ɗayansu ta raba gardama, ta ce abin da ta sani an haife shi ranar kasuwa, ana ruwa.