Mu Dai A Kawo Soja

Mu fa maganinmu ɗaya ne, soja. Zaɓe ya matso, a kawo soja. Manoma da makiyaya sun saɓa, a kawo soja. Ko layi ne ya rikice a gidan mai, za ka ji wani dattijo yana cewa, "Wallahi da akwai soja ɗaya da bulala a nan, da tuni kowa ya shiga taitayinsa." Ɗan sandan da ake biya don wannan aikin kuwa ba ma lissafawa da shi, wai ai wannan na gida ne, ɗan na goro ya raba mu.

Tsarin mulki, a sashe na 217, ya ce soja ya kare ƙasa da iyakokinta, in kuma tarzoma ta ɓarke ya taimaka wa hukumomin farar hula idan shugaban ƙasa ya kira shi. Taimako aka ce. Mu kuma muka sakar masa aikin baki ɗaya, har da na ɗan doka.

To, an ba mu abin da muka roƙa. A watan Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakokin ƙasa na tudu, aka haɗa kwastan da jami'an shige da fice da 'yan sanda da sojoji, aka jibge su a bakin boda. Shugaban kwastan na lokacin ma, Hameed Ali, tsohon kanal ne. A majalisar mai shayi har tafi muka yi: "Yauwa! Yanzu 'yan fasa-ƙwauri za su gane kurensu, manomin Kebbi ya ci guminsa."

Da yamma kuma fa? "Alhaji, ko akwai shinkafa 'yar waje? Ka san maiɗakina ba ta son tsince tsakuwa." Sai Alhaji ya leƙa hagu da dama, ya jawo buhu daga ƙuryar shago, an juye ta cikin buhun 'yar gida. Wa ya shigo da ita? Yaronmu ne, a kan babur, buhu uku a baya, ta ɓarauniyar hanyar da kawunsa ya nuna masa tsakanin Maraɗi da Jibiya. Da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai jarka ta yi daraja, 'yan bumburutu suka yi sallah.

Iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, yawancinta fili ne fetal. Mutumin Illela surukansa suna Ƙonni, wani gonarsa ma ta ƙetara can. Sojan da aka ɗauko daga nesa, ina zai san wace hanya ce ta kasuwa, wace ce ta gidan biki? Mu muka sani, mu kuma bakinmu alaikum.

A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, ta Jibiya sai a 2022. Muka koma majalisa muna cewa gwamnati ta gaza, jami'ai sun ci hanci. To, Malam, wa ya miƙa? Ko bataliya nawa aka girke a boda, muddin mu ne masu saye kuma mu ne 'yan rakiya, shinkafa za ta shigo.