Guzurin Alhaji

Bahaushen da zai kwana a tantin Mina, kafin ya duba fasfonsa sai ya fara laluben ƙullin yajinsa. Shinkafar Larabawa ga nama ga mai, amma a bakinmu salam take, kamar abincin majinyaci. Shi ya sa uwargida ke daka yaji da citta da kanumfari da masoro, ta ɗura a gwangwanin madara, ta ɗaure bakinsa tam da leda.

Yaji ba ruwansa da rigima, sai ranar da gwangwani ya buɗe, tanti ya kaure da atishawa har da mai wa'azi. Daddawa ce mai tonon asiri. Ko leda goma ka naɗe ta ka cusa cikin safa, sai ta sanar da mutanen Indonesiya cewa 'yan Najeriya sun sauka.

Manja kuwa shi ne uban makirai. Dokar filin jirgi ba ta yarda da ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu ba, don haka robar manja sai ta bi babban akwati ta kwanta gefen harami. Can sama murfi ya saki. Alhaji ya buɗe akwati a masauki ya tarar fararen zannuwansa sun koma ruwan goro.

Kuma tun gobarar Mina ta 1997 an hana girki da gas a tantuna, to manjan nan me za a soya da shi? Maniyyata, a ɗauki yaji, a bar wa uwargida manjanta.