Tsakar Gidan da Ta Tasam ma Ƙofa

Garin Njamena ba shi da dutse. Laka ce shimfiɗe tun daga Farsha har Waliya: da rani ta tsage, da damina ta kumbura ta ƙwace wa mutum takalmi. Tsakuwa ma sai an kwaso ta a mota daga Dandi, can wajen tafkin Chadi, shi ya sa duk abin da ya haɗa da kankare a garin nan yake da tsadar tsiya. Yashi kaɗai muke samu a sauƙaƙe, albarkacin kogin Shari.

Bayan ambaliyar 2022 uwargida ta ce ta gaji da dafa tuwo tana tsaye cikin taɓo, sai na kira magini ya shimfiɗa mana fabe, ƙananan tubalan nan da ake jerawa a ƙasa. Ya rubuto lissafi: yashi, fabe, kuɗin aiki, sai bordir, dogayen tubalan nan da ake kafawa a gefe. Da na ga kuɗinsu, na sa biro na soke.

"Alhaji," in ji shi, "fabe ba siminti ke riƙe shi ba, ɗan'uwansa ne. To na ƙarshe wa zai riƙe shi?"

Na yi masa murmushin wanda ya yi boko. Na ce akwai tsofaffin katakai a bayan gida, a jera su a buga musu turaku. Ya dube ni, ya dubi katakan, ya ce, "To, gidanka ne."

Da rani abin sai wanda ya gani. Har maƙwabta na riƙa gayyata shan shayi don su taka, ina yi musu bayanin yadda magina ke cutar marasa ilimi. Ashe gara na nan ƙarƙashi tana walima da katakaina.

Ruwan Agusta ne ya tona asiri. Mai ruwa ya turo kurarsa cike da jarkoki, taya ta danna layin gefe, ya gusa kaɗan. Da ya gusa, na bayansa ya sami sarari. Ruwan sama ya shiga tsakani ya wanke yashin da ke cike gaɓoɓin, laka ta kumbura ta ɗaga wasu, ta haɗiye wasu. Tsakar gida ta koma kamar bakin tsohuwa. Wanda ka taka da asuba za ka alwala, shi zai feso maka ruwan taɓo har gwiwa, sai ka koma ka sake wando.

Waɗanda suka kai ƙofa kuwa sun sami masu so. Yara suka ɗebi huɗu suka yi ragar ƙwallo. Maƙwabciyarmu ta ɗauki uku ta kafa murhu.

Magini ya dawo bai ce uffan ba, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya haƙa rami a kewaye, ya zuba kankare, ya dasa bordir a kai da igiya, ya tokare bayansu da wani kankaren, sannan ya tayar da fabe duka ya sake shimfiɗawa. Siminti ya ƙara kuɗi, aiki ya zama biyu.

Da aka zo ƙirga, goma sha ɗaya babu. Na aika a karɓo na murhu. Yaron ya dawo da saƙo: tana gaida Alhaji, ɗaya ya fashe da wuta, ko akwai wani?