Baturken Bakin Gada: Neman Araha a Ƙasar da Ba a Taɓa Zuwa Ba

Duk wanda ya san Wudil ranar Juma'a ya san mutanen garin ba baƙin ciniki ba ne. A Kara, mai sayen sa ba ya taya shi sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya matsa tozo, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa, sannan ya sa hannu cikin na dillali a yi ta jayayya kamar za a raba gado. Ko kifin bakin gada ba a sayensa sai an ɗaga kunnensa an ga ko na jiya ne. Abin mamaki shi ne, wannan mutumin da ba ya yarda da lafiyar sa sai ya gani da idonsa, shi ne da dare zai tura kuɗinsa ga wata lambar da bai san mai ita ba, don a saya masa damar kallon fim na wata guda daga Turkiyya ko Ajantina, saboda an ce masa a can ya fi araha. Da rana gwanin ciniki, da dare mai cinikin biri a sama. Wannan sabuwar ɗabi'a ta cancanci a tsaya a kalle ta, tunda dai kallon ne ya haɗa mu.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Kamfanoni irin su Netflix da YouTube ba farashi ɗaya suke yanka wa duniya ba; kowace ƙasa ana duba ƙarfin aljihun mutanenta. Sai masu dabara suka gano cewa idan waya ta yi ƙaryar inda take, za a sayar mata da farashin wancan wurin. Manhajar da ke wannan aikin ita ce VPN, kuma mun ƙware a kanta ne albarkacin gwamnatin tarayya, wadda ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ta bar mu muna kwana a Kano muna wayar gari a Holan. To yanzu sana'a ce. Ka duba rumfar mai caji a kusa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote: ga wayoyi jere kamar ƙosai a tire, ga matashi da abin saurare maƙale a kunne ɗaya, ga magidanci ya miƙa wayarsa yana waige-waige. Tambayar farko ita ce, "Alhaji, wace ƙasa za a kai ka?" Kafin shayi ya huce, mutumin da tafiyarsa mafi nisa ita ce Potiskum ya zama mazaunin Santambul, har da sunan titi da lambar gida. Ba fasfo, ba biza, ba ma a yi masa rakiya zuwa filin jirgi ba.

Abin da nake so in kafa a nan shi ne, ba kuɗi wannan bawan Allah yake tattalawa ba. Abin da yake saya shi ne labarin da zai bayar a majalisa, wato ya gyara zama ya ce, "Ai ni ba a nan nake biya ba." Hujjar farko kuwa lissafi ne da ko ɗan firamare zai iya. A tsakiyar 2025, bayan ƙarin farashi sau uku cikin ɗan lokaci, tsarin Netflix mafi tsada a Najeriya ya kai naira 8,500 a wata. A Amurka a lokacin, irin wannan tsarin dala 24.99 ne. Idan aka buga da canjin lokacin, kusan naira 1,500 kowace dala, namu bai kai dala shida ba. Ma'ana, faɗuwar naira ta mayar da mu ɗaya daga cikin wuraren da kallo ya fi araha a duniya. Ƙasar wajen da ake nema, mu ne. A daidai lokacin da ɗan'uwanmu yake fama da waya don ya zama Baturke, akwai wani a Landan da yake fama da tasa don ya zama ɗan Najeriya. Da intanet hanya ce irin ta Kano zuwa Maiduguri, da sun yi kiciɓis a kan gadar Wudil, kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu yana yi masa kallon wawa.

Sai kuma batun yadda ake biyan. Baturke da kuɗin Turkiyya yake biya, kuma mai POS na bakin tasha ba ya ajiye lira. Tun 2022 yawancin bankunanmu suka taƙaita ko suka dakatar da sayayya a ƙetare da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da ita. Duk da haka galibi sai an bi ta hannun wani mai katin dala ko mai sayar da katin kyauta na can, shi kuma dalarsa daga kasuwa ta fito. A Kano kasuwar canji ita ce Wapa, wadda a da sunan gidan sinima ne a Fagge. Ashe dai tun asali kallo da canji 'yan gida ɗaya ne. Dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A kan wannan sai a ɗora la'adar mai katin, da la'adar wanda ya haɗa ka da mai katin, da kuɗin manhajar da ke ɓoye ka, domin ta kyauta tafiyar hawainiya take. A Kara dillali ɗaya ne ko biyu, kuma an san gidan ubansa. A nan dillalai jerin gwano suke, kuma na ƙarshensu hoton zaki ne kawai a WhatsApp. Ranar da asusun ya rufe, zakin ma ba ya amsa sallama.

Rufewar kuwa tana zuwa, domin kamfanonin ba barci suke ba. Netflix ta fara matsa wa masu raba kalmar sirri a 2023, YouTube kuma a 2024 ta shiga soke rajistar waɗanda ta gano sun yi ƙaryar ƙasa don samun rangwame. Sau da yawa ma abin da aka sayar wa Alhajinmu ba asusu ba ne, kujera ce guda a cikin asusun da aka sayar wa mutum goma sha. Ya kunna fim, jarumi ya ɗaga takobi, sai allo ya sanar da shi cewa mutane sun yi yawa, ya jira. Wanda ya rigaye shi yana Gaya ne ko yana Karachi, Allah masani. Ya buɗe jerin abin da "ya kalla" ya tarar da zanen yara da wasan soyayya na Koriya mai kashi sittin, uwargida kuma tana leƙe ta kafaɗarsa tana neman bayani. Ƙara ba ta kaiwa ko'ina, domin wanda ya shiga gida ta katanga ba ya kiran mai gida ya ce an sace masa takalmi.

Masu kallon ƙwallo su ma suna da tasu hijirar, kuma tasu ta ƙasa ce. Da MultiChoice ta riƙa ɗaga farashin DStv, babban tsarinta ya tashi daga naira 24,500 a Mayun 2023 zuwa 29,500, sannan 37,000, har ya kai 44,500 a Maris ɗin 2025, sai wasu suka juya farantinsu suka nemi dikodar Canal+ ta hanyar 'yan'uwa a Maraɗi. Nan ma lissafin bai tsaya inda aka so ba. Ana biya ne da sefa, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, don haka duk lokacin da naira ta zame, ita sai ta ƙara tsawo. Jaka ɗaya ta sefa da a da ake rainawa ta wuce naira dubu biyu. Ga shi mai sharhin Faransanci yake zubawa, a ci ƙwallo sai dai a gane daga ihu. Aka rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a can a Yulin 2023, masu aike suka shiga zullumi. Ƙarshen wasan kuma shi ya fi ban dariya: a Satumban 2025 Canal+ ta karɓe ragamar MultiChoice. Wanda ya gudu daga wannan shago zuwa wancan ya ɗaga kai ya tarar mai shagon ɗaya ne. An gudu ba a tsira ba.

Mai kare wannan ɗabi'a zai ce, to ya za a yi da talaka, tunda tsadar gaskiya ce? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba za a yi mata dariya ba. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne, saboda haka kuɗin babban tsarin DStv ya haura rabin albashin ƙaramin ma'aikaci, kafin a zo kan masara da kuɗin makaranta. Neman sauƙi a irin wannan hali hankali ne. Sai dai tattali yana da alama guda: a ƙarshen wata a ga saura a aljihu. Wanda ya biya sau biyu saboda an rufe na farko, ya sayi manhaja, ya sallami dillalai uku, bai yi tattali ba, garin neman gira ya rasa ido. Kuma mai ƙaramin ƙarfi na gaske ba shi ne ke wannan zirga-zirgar ba, shi tuni ya san inda zai kai naira ɗarinsa. Masu yin ta galibi su ne masu babbar waya da ke son a san sun waye, waɗanda za su yi awa guda suna ja da mai tumatir a kan naira hamsin, sannan su tura dubbai ga baƙo ba tare da sun nemi ragi ba, don kawai ya ce musu kayan na waje ne.

Wani kuma zai kawo hujjar da ta fi wannan kaifi: ai su kansu manyan kamfanoni suna kai masana'antunsu inda leburanci ya fi araha, me ya sa mai saye ba zai kai kuɗinsa inda kaya suka fi araha ba? A ilmance tambaya ce mai kyau. Amma kamfanin da ya koma wata ƙasa da gaske ya koma, da gini da ma'aikata da haraji. Mutuminmu kuwa yana kan tabarmarsa, adireshin ne kawai ya yi tafiya. A kasuwar garin nan, wanda ya yi ƙaryar asalinsa don a rage masa farashi akwai sunan da ake kiransa da shi, kuma sunan ba "mai basira" ba ne. Sannan wannan dabara idan ta yawaita, talakan ƙasar da aka raɓa da ita take cutarwa, domin kamfani kan ɗaga farashi ko ya tsaurara sharuɗɗa a can. Tunda yanzu mu ne ƙasar arahar, wanda yake tafa wa wannan wayo yana tafa wa masu tsallakowa su ci daga akushinsa ne. Kamar mai murna da ambaliya ne don ta kawo kifi, ya manta gidansa na bakin kogi.

Abin da ya fi komai tona asirin lamarin shi ne abin da ake kalla a ƙarshe. Fim mai kyawun hoto yana iya cin data har gigabait uku a awa guda, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Wannan kuɗin ba a biyansa a Santambul, a nan ake biya, haka ma kuɗin caji idan wuta ta yi tafiyarta da ta saba. To bayan duk wannan wahala, sai a iske Baturken namu ya koma YouTube yana bin Labarina da Izzar So, waɗanda ba a tambayi kowa ƙasarsa ba kafin ya kalla, ko yana jiran Daɗin Kowa a Arewa24, ko ya aiki yaro wurin mai tura finafinai a cika masa waya da Indiya-Hausa. Asusun ƙetaren yana nan a ajiye kamar babbar rigar da ake sawa don a gani. Su kuwa 'yan Kannywood, da satar fasaha ta kashe musu kasuwar faifai, har suka gwada manhajoji irin su Northflix da Kallo don a riƙa biya da naira, har yanzu suna jiran wannan mai kishin tattalin ya tuna da su. A wurinsa biyan na gida asara ce, biyan na waje wayewa.

Alhali maganin tsadar kallo mun daɗe da ƙirƙiro shi, ba mu dai ba shi sunan Turanci ba ne shi ya sa muka raina shi. Gidan kallo ke nan: mutum ɗaya ya biya kuɗin wata, ya sayi man janareto, ya jera benci, kowa ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a bakin ƙofa. Babu kalmar sirri, babu lira, kuma idan hoto ya ɗauke ga mai gidan nan tsaye, ana iya riƙe masa riga. Har da ƙarin da babu kamfanin da ke sayarwa, wato musu tsakanin ɗan Arsenal da ɗan Chelsea wanda yakan fi wasan daɗi. Wanda kuma ya fi son kallo a ɗakinsa, ƙaramin tsarin waya na nan gida bai kai kuɗin kaza ba, idan ya gaji ya dakatar. Saboda haka, Alhaji, idan matashin nan ya sake tambayar wace ƙasa za a kai ka, ka yi masa irin tambayoyin da kake yi wa dillalin Kara: ina haƙoran, ina mai shi, wa zan kama idan ya kwanta a hanya? In ya kasa amsawa, ka karɓi wayarka ka ce a bar ka a Wudil. Nan ɗin ma, ga mutanen Landan, ƙasar waje ce, kuma suna layin shigowa.