Bensikin, Jirgin Lilon Mutanen Duwala

A wuraren shaƙatawa na ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abin hawa da za a iya kira jirgin lilo, wato jerin ƙananan tarago marasa rufi da ake ja a hankali zuwa ƙololuwar wani siririn layin dogo, sannan a sake su su gangaro da gudu, su karkace, su sake hawa, har su dawo daidai inda suka tashi. A Amurka an kafa irinsa na farko a Coney Island ta birnin New York a 1884, kuma wanda ake kira Cyclone, da aka buɗe a can a 1927, har yau yana aiki a kan layinsa na katako, yana ƙara yana jijjiga, mutane kuwa suna bin layi suna biyan kuɗi domin a tsorata su na kusan minti biyu.

Mazauna Duwala ta Kamaru ba su da buƙatar wannan ɓarnar katako, domin suna da bensikin, wato babur ɗin haya da Kanawa ke kira acaɓa, mutanen Maraɗi kuma kabu-kabu. Sana'ar ta yi ƙarfi ne bayan yajin aikin da ya tsayar da biranen Kamaru a 1991, ta kuma samu fili sosai da kamfanin bas na gwamnati, SOTUC, ya durƙushe a 1995. Wanda ya hau daga unguwar Ndogbong zuwa unguwar Hausawa ta New Bell, ya bi ta mahaɗar Ndokoti da yammacin wata rana ta Agusta, lokacin da ruwan sama ya cika ramuka har ba a rarrabe ƙarami da wanda zai haɗiye taya, yana samun duk abin da Cyclone ke sayarwa, da ƙarin tirela mai dakon itace a gefen kunnensa.

Abin nazari a nan shi ne halin fasinja. Baturen da ya hau jirgin lilo yana ɗaga hannu ya kurma ihu, ba wanda zai ga laifinsa, amma Alhajin da ya fito daga rumfarsa ta Kasuwar Kongo yana ɗauke da nauyin dattaku, wanda bai yarda da ihu ba ko da babur ya tashi sama. Saboda haka tsoronsa ya kan fita ta hanyar da al'umma ta amince da ita, wato salati, kuma mai lura yana iya gane munin hanya daga yadda salatin ke sauya sauri: a kan kwalta ana jan sa cikin natsuwa, a tsakanin motoci biyu kuwa ana haɗiye rabinsa. Hannu ɗaya yana dafe da hula, ɗayan yana tattare babbar riga kada ta shiga taya, ƙarfen riƙo kuma an bar shi ga ƙaddara, tunda kama ƙugun direba, yaron da bai kai sa'an ɗan fari ba, abin kunya ne.

Kafin a kai ga wannan duka sai an yi ciniki. Mutumin da zai miƙa ransa ga wanda bai taɓa gani ba ya kan shafe minti goma yana jayayya a kan sefa 50, yana juya baya yana dawowa, ba tare da ya tambayi lafiyar birki ko hular kwano ba, wadda dama ana ganin ta fi dacewa da madubin babur. Abin da ake dubawa da gaske shi ne doguwar lemar nan da ake kafawa a kan babur da damina, domin jiƙewar shadda asara ce da ake iya lissafawa. Da an daidaita, umarni na farko shi ne direba ya yi sauri kada a rasa jam'in Magariba, na biyu kuma, bayan 'yan mitoci, shi ne tambaya ko direban ba shi da iyali ne.

A ranar Sallah lamarin ke kai ƙarshen kyansa. Maigidan da ya hana 'ya'yansa hawa lilon ƙarfe a filin wasa, a kan cewa igiya na iya tsinkewa, shi ne zai jera su uku a kan bensikin guda, ƙarami a kan tanki, uwarsu a baya ta zauna a kaikaice saboda zani, da goyo da kwanon tuwon gaisuwa, ya ce a kai su gidan kaka a hankali, kalmar da direban ke fassarawa gwargwadon yawan fasinjojin da ke jiransa. Shi kansa maigidan, idan ya sauka a ƙofar masallaci gwiwoyinsa na rawa, ya kan gyara hula ya shaida wa jama'a cewa yaran yanzu ba su iya gudu ba, sannan ya tsaya neman canjin sefa 25.